Taskar Kubra da Alkawarin Suna

Ranar Laraba ce, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, a tsakiyar damina, Malam Zubairu ya ga matarsa Kubra ta dafa bango ta sulale ƙasa a tsakar gidan kawunsa. Ku matso kusa, ku riƙe lokutan da zan riƙa ambata, don za ku buƙace su in an zo muhawara.

Daga Dutse suka zo ta'aziyya, a wani gari can cikin fadama bayan Haɗejiya. Kubra na da cikin wata takwas, shi ne na farinta bayan shekara goma sha ɗaya da aure. Zubairu ya so ta yi zamanta a gida, ta ce kawun da ya riƙe mata miji tun yana maraya ba za a yi zaman makokinsa babu ita ba. Ranar Talata suka iso. Da la'asar ɗin ranar aka kece da ruwa, rafi ya cika ya tafi da kwalbatin da ke kan hanya ɗaya tak ta komawa birni. Don haka da jini ya ɓalle mata washegari, babu inda za a nufa da ita sai ƙaramin asibitin garin.

Likita ɗaya ne a asibitin, Dakta Iliya. Ya duba ta, ya ja Zubairu gefe ya ce mabiyiya ce ta tare hanyar haihuwa, sai an yi tiyata, kuma yadda jinin ke zuba dole a sa ta barci gaba ɗaya. Sannan ya ce, "Malam, akwai maganin da aka taɓa cewa jikinta ba ya karɓa?"

Akwai kuwa. Shekara biyar da suka wuce an yi mata aikin cire ƙari, aka ba ta wani maganin sa barci, zuciyarta ta kusa tsayawa. Likitan wancan lokaci ya gargaɗe su kada a kuskura a sake ba ta shi. Amma Zubairu malamin tarihi ne a makarantar sakandare. Zai iya jero muku sarakunan ƙasar Hausa ɗaya bayan ɗaya, sunan maganin nan mai tsawo kuwa bai taɓa zama a kansa ba. Asibitin da aka yi aikin ya rufe, likitan ya bar ƙasar, ita kuma Kubra ba ta san inda kanta yake ba.

Dakta Iliya ya ce, "Iri biyu gare ni a nan. In na ɗauki wanda bai dace ba, ba ni da kayan da zan dawo da ita. Zan riƙe ta da ƙarin ruwa da jinin da 'yan'uwanka za su bayar zuwa ƙarfe huɗu. In huɗu ta yi zan shiga, ko na san sunan ko ban sani ba."

Sai Zubairu ya tuna da taska. Ya zazzage jakar Kubra a kan benci, ya ciro 'yar filas ɗin ajiyar bayanan kwamfuta da ke rataye da makullanta. Ta sha gaya masa duk takardun lafiyarta suna ciki.

A nan sai na gaya muku aikin Kubra. Injiniyar kwamfuta ce, tana da ƙaramin ofis a Dutse ita da mata uku: Ramlatu, Suwaiba da Atika. Abin da suke yi shi ne kulle bayanan mutane. Ana ɗaukar takardun mutum a rikita su da lissafi har su zama shirme, a zuba su a wuri ɗaya da suke kira taska, babu mai mayar da su rubutu sai mai mabuɗi. Matsalar ita ce kowace irin kwamfuta da yadda take jera fayilolinta, kamar yadda kowace mace ke da nata tsarin jeren ɗaki. Taskar da aka kulle a wannan, waccan ba ta gane ta. Sai matan nan huɗu suka ƙera wata manhaja da suka sa wa suna Tafinta. Kanta ɗaya ne a ko'ina, shi ne mai warware lissafin. Ƙafafunta ne daban-daban, kowace irin na'ura da ƙafar da aka yi mata. Duk mai rubuta manhaja da ke son aiki da taska, umarni shida kawai zai koya: buɗe, jera, karanta, rubuta, goge, rufe. Sauran wahalar ta Tafinta ce, ko a kwamfuta ko a waya.

Zubairu bai san duk wannan dalla-dalla ba. Ya ruga ofishin kati, inda kwamfuta ɗaya tilo ta asibitin take, tsohuwa mai ƙaton baya. Akawun wurin ya soka filas ɗin. Kwamfutar ta yi nishi ta ce ba ta ga komai a ciki ba, ko a share shi a gyara shi don amfani? Akawu ya ce, "Haka sababbi suke yi, Malam, bari in danna e." Yatsansa na kan madanni, wani abu ya sa Zubairu ya riƙe masa hannu. Ya fita da gudu zuwa gindin dogon yaron da ke ƙofar asibiti, don nan kaɗai waya ke kama sabis ɗin kira, data kuwa tun ruwan jiya ta ɗauke a garin baki ɗaya. Ya kira ofishin matarsa.

Atika ce ta ɗauka. Da ta ji abin da kwamfutar ta tambaya sai ta ƙwala ihu har akawun ya ji daga taga. "Kada ku danna! Don girman Allah ku cire hannunku! In kuka ce e komai ya tafi!"

Ta sa wayar a amsa-kuwwa, su ukun suka kewaye ta. Zubairu ya yi bayani, ya ƙare da cewa, "Ku shaida, na yi wa Allah alkawari. Duk wadda ta buɗe min taskar nan kafin ƙarfe huɗu, in aka sauke Kubra lafiya aka sami mace, sunanta zan raɗa mata."

Suwaiba ta ce, "Malam, ajiye maganar suna tukuna. Koma ka karanto min abin da ke rubuce a goshin kwamfutar nan."

Da ya karanto, su ukun suka kalli juna. Tsohon tsari ne da aka daina yayinsa tun da daɗewa, Tafinta ba ta da ƙafar takawa a kansa. Za a iya buɗe taskar da waya, amma ana buƙatar wani ɗan mahaɗi tsakanin filas da waya, kuma ƙannen Zubairu sun zaga kasuwar garin kaf ba su samu ba. Ga kuma babbar matsala: kalmar sirrin tana cikin kan Kubra kaɗai. Ƙarfe goma sha biyu daidai suka rabu uku.

To, ga abin da Ramlatu ta yi. Ita ce babbarsu, mai sanyin magana, mai lissafin cikinsu. Shekara biyu da suka wuce ita kaɗai ta dage sai an yi wa kowace taska ƙofar gaggawa, alhali Kubra na cewa ƙofa ta biyu hanyar ɓarawo ce. Sati uku suna jayayya kafin Kubra ta sauko. Aka yi mabuɗin gaggawa da kalmomi ashirin da huɗu a takarda, aka yaga ta biyu. Rabin takardar taskar Kubra yana hannun Ramlatu amana, ɗaya rabin kuwa Kubra ta ce ta kai wa mahaifiyarta ajiya.

Ramlatu ta ɗauki nata rabin ta hau adaidaita zuwa tsohon gari. Ta tarar Inna, mahaifiyar Kubra, ta tafi makarantar Islamiyya ta matan unguwa. Ta bi ta can, ta jira aka kai aya, ta rako ta gida a hankali, don tsohuwar na da hawan jini kuma ba ta san halin da ake ciki ba. Bayan gaisuwa ta ce, "Inna, takardar nan da Anti Kubra ta ba ki ajiya bara waccan, ita na zo karɓa."

Inna ta yi murmushi ta nuna saman gadonta. Layu uku ne a rataye, duk da jar fata. Ashe da Kubra ta miƙa mata takardar ta ce, "Inna, wannan ta lafiyata ce, ki adana min kamar ranki," tsohuwar da ba ta karanta boko sai ta ɗauka addu'ar neman haihuwa ce aka rubuto, ta kai wa baduku ya ɗinke.

Inna ta ce, "'Yar nan, tun da na ɗinke ta ba a rufa shekara biyu ba cikin ya shiga. Yanzu saura wata guda ki ce in farke? Ko ita Kubran ce ta zo da kanta sai ta ji faɗa."

Ramlatu ta yi lallashi, ta nuna nata rabin, ta yi rantsuwa. Inna ta ce ta dawo bayan suna. Agogon bango ya nuna biyu saura kwata. Da ƙarfi za ta iya tsinko layun ta fita, amma ta san in tsohuwar ta faɗi an yi biyu babu. Sai ta tashi ta ɗebo ruwa, ta sa Inna ta sha maganinta na rana, ta zaunar da ita a kan gado, ta durƙusa ta riƙe hannuwanta biyu, sannan ta gaya mata gaskiya kaɗan-kaɗan, kamar mai sauke tulu daga ka. Ta ƙare da cewa, "Inna, ba ki yi kuskure ba, ta lafiyarta ce. Yau ce ranar da aka ajiye ta dominta." Inna ta yi salati, sannan ta ce a miƙo mata reza. Da hannunta ta farke ta farko, ta kakanta ce. Ta farke ta biyu, ba ita ba ce. A ta uku suka sami takardar, ta yi laushi, man fata ya cinye kalma biyu har rabi. Ramlatu ta fita tsakar gida ta ɗaga ta a rana, ta haɗa sauran haruffan da jerin kalmomin da ake zaɓo mabuɗai daga ciki, wanda ita ta tsara da kanta, har ta fito da su. Ƙarfe biyu da rabi ta kira Zubairu ta ce, "Malam, mabuɗi yana hannu."

Zubairu ya yi kabbara a gindin dogon yaro har masu jinya suka waiwayo. Amma mabuɗi ba ya buɗe ƙofar da ba a kai gare ta ba.

Ga kuma abin da Suwaiba ta yi. Ita ce mai saurin hannu da kaifin baki, wadda ta rubuta yawancin ƙafafun Tafinta. Da aka yanke cewa Atika ta ɗauki kwamfutar tafi-da-gidanka ta nufi garin, kowa ya ɗauka aikin Suwaiba ya ƙare. Ita ta ce a'a. "Damina ce. Ban yarda da hanya ba, ban yarda da mota ba, ban yarda da tuƙin Atika ba. Zan yi wa tsohuwar can ƙafa." Aikin da a ka'ida yake cin sati biyu. Ta duba umarni shidan nan ta ce ba rubutu za a yi ba, ba gogewa za a yi ba, uku sun isa: buɗe, jera, karanta. Ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu ta fara.

Sau biyar tana kiran Zubairu, shi kuma yana gudu tsakanin bishiya da ofishin kati yana karanto mata lambobin da bai san ma'anarsu ba. Har ta ce masa, "Malam, a hankali, ba tarihin Bayajida kake karantawa ba. Sifili ne ko harafi?" Ƙarfe biyu saura kaɗan ta gama rubutu, amma babu irin na'urar a ofis balle ta gwada. Ta san abin da ba a gwada ba ba a aika shi inda rai yake. Ta tuna da shagon wani dattijo mai buga takardun rantsuwa a bakin kotu, wanda suke yi wa dariya kullum saboda tsufan kwamfutarsa. Ta tsallaka titi da gudu, ta tarar da layin mutum huɗu, ta ce, "Baba, rai ne, ɗaga min kujerar nan." Dattijon ya kalli fuskarta ya tashi.

Gwajin farko kwamfutar ta sandare. Ta kashe ta kunna, ta gyara. Gwaji na biyu sunayen fayiloli suka fito amma cikinsu shirme. Tana cikin neman inda kuskuren yake aka ɗauke wuta. Mutanen layin nan huɗu, da tuni suka ji labarin, su suka jawo janareto suka yi ta jan igiya har ya tashi. Ta gano cewa tsohuwar na'urar tana ɗebo bayanai a ƙananan loma ne, ba kamar na zamani ba, ta sake auna lomar. Gwaji na uku, ƙarfe uku saura minti goma, taskar gwaji ta buɗe tas, shagon ya ɗauki sowa.

A daidai lokacin wayarta ta yi ƙara. Atika ce, tana kuka.

Ga abin da Atika ta yi. Ita ce ƙaramarsu, mai yawan surutu, wadda ke zuwa wurin masu amfani da Tafinta ta saka musu ta gyara abin da ya lalace. Mota ba ta ba ta tsoro, ruwa ne kawai abin tsoronta, don ko a kwano babba ba ta son leƙawa. Ta zuba kwamfuta da mahaɗi da waya ta caji a jakar goyo, ta ja 'yar motarta. Tafiyar da ake yi a awa biyu da rabi ta yi ta a biyu da minti goma, ta ratsa Haɗejiya tana danna ham kamar motar kai amarya. A bakin kwalbatin da ya karye ta tarar da jerin motoci da ruwa ja yana gudu da rassan itace. Masunta sun kawo jirgin kwale-kwale ɗaya suna tsallakar da mutane. Ta tura wayarta a leda ta cusa cikin ɗaurin ɗankwali, ta rufe ido ta shiga.

A tsakiyar ruwa wani kututture ya bugi jirgin ya karkata. Wata tsohuwa da ke gefenta ta zame za ta faɗa. Atika ta saki jakar da ta rungume ta cafko tsohuwar da hannu biyu. Jakar ta faɗa, ruwa ya juya ta sau ɗaya ya tafi da ita, da kwamfuta da mahaɗi da komai. Tana taka tsallake ta kira Suwaiba.

Suwaiba ta ce, "Share hawayenki, sarkin tuƙi. Ƙafa ta samu. Kina da data?"

Babu data a wannan tsallaken. Mai jirgin ya ce sai dai a koma can inda ta baro, a kan tudun da motoci suka tsaya, nan sabis ɗin Haɗejiya ke kaiwa. Atika ta kalli ruwan da ya cinye jakarta yanzun nan, ta ce, "Mu koma." Suka koma. Ta hau tudu ta ɗaga waya sama, saƙon Suwaiba ya sauka a hankali kamar ɗigon famfo, ta tsaya har ya cika. Ta sake shiga jirgin karo na uku. A tsallake ta tare mai babur ta ce ya yi gudun da bai taɓa yi ba. Ƙarfe uku da minti talatin da biyar Zubairu ya hango wata mace jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a ƙafa, tana durowa daga babur kafin ya gama tsayawa.

Bai ma gane ta ba sai da ta ce, "Malam, ina kwamfutar?"

Suka ari wayar caji a wurin wata nas, Atika ta zuba ƙafar Suwaiba daga wayarta zuwa tsohuwar kwamfutar, ta soka filas. A karon farko na'urar ta gane abin da aka ba ta, ta nemi mabuɗi. Zubairu ya koma gindin bishiya, Ramlatu na karanto kalmomi ta waya, shi yana ɗaga murya yana miƙa su ta taga, Atika na bugawa. "Tulu! Raƙumi! Gishiri! Tsani!" Masu jinya suka taru suna maimaitawa tare da shi don kada ɗaya ta faɗi a hanya. Aka cika ashirin da huɗu. Atika ta danna. Kwamfutar ta ce mabuɗin bai halatta ba.

Huɗu saura minti goma sha biyar. An riga an tura Kubra ɗakin tiyata. Zubairu ya zauna a ƙasa. Ramlatu ta rantse kalmominta daidai ne, Suwaiba ta rantse ta gwada. Atika kuwa ta zuba wa allon ido. Ta saba shiga ofisoshin da ake ɗauke wuta sau goma a rana, ta san halin tsofaffin na'urorinsu. Ta kai ido can ƙasan kusurwar allo inda agogo yake. Kwamfutar na nuna watan Janairu na shekaru goma sha biyar baya, don ɗan batirin da ke riƙe mata lokaci ya mutu tuntuni, duk sanda aka ɗauke wuta sai ta koma ranar da aka ƙera ta. A lissafinta ba a ma yi mabuɗin ba tukuna, shi ya sa ta ƙi shi. Atika ta gyara kwanan wata ta ce, "Ku sake karantowa!"

Aka sake, tun daga tulu. Huɗu saura minti takwas taskar ta buɗe.

Zubairu bai san sanda ya isa ƙofar tiyata ba. Dakta Iliya ya fito da safar hannu, ya biyo shi ofishin kati ya leƙa allon, ya karanta layi ɗaya da aka ja wa jan layi a ƙasa, ya ce, "Inna lillahi." Ya juya ya ce wa nas ta ɗauke kwalbar da ke kan tire ta kawo ɗayar. Wadda ya riga ya zaɓa ita ce aka hana.

Ƙarfe biyar da kwata aka ji kukan jaririya. Mace ce. Kafin magariba Kubra ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Ranar Litinin ruwa ya janye aka dawo da su Dutse. Zubairu ya yi wa 'yarsa kiran salla a kunne tun ranar farko, amma suna ya gagara. Ranar Talata da hantsi dangi suka cika gidan, maganar ta tashi.

Inna ta ce babu wata muhawara. "Ramlatu ce. Wa ya yi tunanin ranar nan tun shekara biyu, ita Kubran ma tana musu? In babu mabuɗi, waccan ta rubuta har hannunta ya tsinke, wannan ta haye rafi sau goma, me za su buɗe da shi? Kuma ta raba ni da layata ba ta kashe ni ba."

Gwaggon Zubairu, wadda ta ga isowar Atika da idonta, ta ce, "Haba, Hajiya. Ramlatu a kan tabarma ta yi nata aikin, Suwaiba a kan kujera. Wace ce ta sa ranta a ruwa sau uku? Kuma da kowa ya rasa abin yi, wa ta ga agogon? Hannun wa ya danna aka buɗe? Shi fa cewa ya yi wadda ta buɗe."

Yayan Kubra, wanda shi ma ya san aikin kwamfuta, ya girgiza kai. "Gwaggo, da Suwaiba ta yi abin da kowa ya yi tsammani ta zauna jiran Atika, da Atika ta isa asibitin nan hannu rabbana. Ruwa ya cinye dabarar farko. Abin da ya buɗe taskar, Suwaiba ce ta ƙera shi cikin awa uku, kuma a garin nan ban san mutum na biyu da zai iya ba. Jirgi kowa zai iya shiga."

Gwaggo ta ce, "To kai me ya sa ba ka shiga ba?"

Aka kwashe da dariya, aka koma musu. Wani ya ce a haɗa mata sunayen uku. Babban wan Zubairu ya ce alkawari da bakin mutum ɗaya aka yi shi a kan mace ɗaya, kuma gobe suna ɗaya liman zai faɗa, wanda ya zo farko shi ne sunan, sauran rakiya ce. Aka aika a tambayi matan uku ko wata za ta janye. Ramlatu ta ce a ba Atika. Atika ta ce a ba Suwaiba. Suwaiba ta ce, "Ni fa ba na kunyar ƙarya, ina so. Amma in aka ba ni don waɗannan sun yi kara, ba zan karɓa ba. A ba wadda ta cancanta."

Zubairu ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gadon Kubra ya ce ta taimake shi, ita ta san aikin, ita ta san nauyin abin da kowacce ta yi. Kubra ta gyara wa jaririyar kwanciya ta ce, "Malam, ina barci ka yi alkawarinka. Ni da su za mu koma ofis ɗaya. Kai za ka cika shi."

Uwa ta rayu, 'ya ta rayu. An ɗaure rago, an raba goro, gobe da safe raɗin suna, kuma har yanzu Malam Zubairu bai faɗa wa liman komai ba.

To, tsakanin Ramlatu da ta samo mabuɗi, da Suwaiba da ta ƙera abin da ya karanta taskar, da Atika da ta kai shi ta buɗe, wace ce ta fi cancanta a raɗa wa yarinyar nan sunanta?